Cebur a Ƙofar Malama

Litinin, 6 ga Oktoba 1975, da hantsi

Ni ne Gervásio Afonso Lourenço, mai riƙe da makullin gidan tanderu na ƙauyen Urzedo, inda kowa ke gasa burodi, kamar yadda mahaifina ya riƙe shi kafin ni. Da hannuna nake rubuta wannan, ba wanda ya kama mini alƙalami. Na ga ya dace mutum mai matsayi irin nawa ya ajiye shaida a kan abin da ke faruwa, domin wata rana za a yi tambaya, kuma waɗanda suka fi kowa surutu a yau su ne za su ce ba su tuna ba.

Abin da ke faruwa shi ne wannan. Bayan juyin mulkin bara, gwamnati ta ce ɗalibi ba zai shiga jami'a ba sai ya fara yin hidima a inda aka tura shi. Mu an turo mana wata yarinya daga Porto, sunanta Graciete, ta koya wa manya karatu da rubutu. Tana zaune a gidan Amândio, wanda ya kwashe iyalinsa ya tafi Faransa. Aji kuwa a gidan tanderu ake yin sa da yamma, saboda ɗumi, kuma da izinina.

Ba zan ci amanar gaskiya ba, ta iya koyarwa. Ta faɗa a gaban kowa cewa rubutuna ya fi na kowa tsayuwa. Amma ruwa ba ya tsami banza. Tun da aka haife ni gwamnati ba ta taɓa tambayar ko na iya rubuta sunana ba. Sau ɗaya ta tuna da gidana, ranar da take son ɗana a soja. Me ya sa yanzu take ƙaunata?

Laraba, 8 ga Oktoba, bayan aji

Yau Malama ta rubuta kalmar saniya a allo, sannan ta juya ga matata.

"Gwaggo Deolinda, shanu nawa gare ku?"

"Biyu, Malama," in ji Deolinda. "Sai wannan na ukun da ke zaune kusa da wuta, amma shi ba ya ba da nono, ba ya jan garma."

Aka yi dariya. Palmira matar Tibério mai shagon giya ta fi kowa, har da share hawaye da gefen mayafi. Ban yi dariya ba, kuma ba don maganar ta taɓa ni ba. Ina tunani ne. Idan kalmar saniya ake koyarwa, mene ne na tambayar adadi?

Lahadi, 12 ga Oktoba, da tsakar rana

Fada, limamin cocinmu, ya yi wa'azi a kan kyarkecin da ke shigowa garke sanye da fatar tunkiya. Bai ambaci suna ba, amma kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. Ya ce a kudu an ƙwace gonaki, kuma waɗanda suka ƙwace ba da bindiga suka fara shigowa ba, da murmushi suka fara.

Bayan coci na zauna a shagon Tibério. Na yi magana guda ɗaya. A matsayin tambaya na yi ta, ba a matsayin zargi ba. Ina so wannan ya tabbata a rubuce.

Talata, 14 ga Oktoba, da yamma

Maganar ta dawo mini, kuma ta yi ƙiba a hanya. Yanzu cewa ake yi yarinyar tana ƙirga shanun Urzedo gida gida don a zo daga Lisbon a kora su, har da bijimin gari. Ana kuma cewa wai ni na gano.

Laraba, 15 ga Oktoba, da safe

Deolinda ta fara haɗa haruffa fiye da yadda take nunawa. Na canza wa littafin nan wurin ajiya.

Juma'a, 17 ga Oktoba, bayan taron gari

An busa ƙaho, magidanta suka taru a harabar coci. Na ɗauka batun gyaran magudanar ruwa ne. Sai Tibério ya miƙe, ya cire hula, abin da ba ya yi sai yana da nufi.

"Kawu Gervásio, kai ne ka san doka. Mu jahilai ne, kai kuwa yanzu har rubutu kake yi. Gidan da hayaƙi ke fita daga cikinsa, yana cikin zagayen hura tanderu ko ba ya ciki?"

Na ba shi amsa kamar yadda na gada, kuma zan rubuta ta a nan, domin ina jin wannan ne karo na farko da dokar za ta hau takarda. Tanderun gari ɗaya ne. Duk mako biyu gida ɗaya ne ke hura shi daga sanyi da itacensa, abin da ke cin amalanke guda, sannan sauran gidaje su biyo baya su gasa a cikin zafinsa. Gidan da ke da hayaƙi yana cikin zagaye. Zagayen gida bai cika ba sai ya hura, ya gasa, kuma wani gida ko da ɗaya ne ya gasa a bayansa. Gidan da ya kasa an cire shi daga gari: ba gashi, ba ruwan magudana, ba mai sayar masa da ko ƙwai.

"Madalla," in ji Tibério. "To bayan gidan gwauruwa Ermelinda, gidan wa ke biye?"

Gidan Amândio ne. Tun da ya tafi muke tsallake shi, don ba hayaƙi. Yanzu akwai.

"Ka ga, ba wanda ya kori kowa," in ji shi, yana mayar da hularsa. "Mu mutanen kirki ne. Mun ma girmama ta, mun mai da ita magidanciya."

Dokar daidai take, kuma ni na faɗe ta. Sai dai ban ji daɗin yadda ya riga ya san amsar kafin ya tambaya ba. In ka ga kare yana shinshinar takalmi, ɗauka zai yi.

Asabar, 18 ga Oktoba, da hantsi

Na ɗauki dogon cebur na katako da ake zura burodi da shi, na jingine shi a ƙofar gidan Amândio, kamar yadda ake sanar da mai zagaye. Ta fito da tawul a ka.

"Kawu Gervásio, ina kwana? Wannan kuma kyauta ce?"

Na yi mata bayanin doka daga farko har ƙarshe, ban rage ba. Ranarta Alhamis ce, talatin ga wata. Ta saurara. Da na gama sai ta zauna a dokin ƙofa.

"Amalanken itace. Ni ko gatari ba ni da shi."

"Doka ba ta ambaci gatari ba."

"In na kasa fa?"

"Ba wanda zai taɓa ki. Yunwa ce kawai."

Ta ce a ƙarshen Nuwamba wani jami'i zai zo daga ma'aikatar ilimi ya ga ko tana nan, ko aji na zama. In ya tarar ta bar wurin, hidimarta ta tashi a banza, gurbin karatun likita kuma wani za a ba. Ta ce mahaifinta lebura ne a tashar jiragen ruwa, ba zai iya ciyar da ita wata shekarar tana jira ba.

Mai yiwuwa gaskiya ne. Mai yiwuwa kuma irin labarin da ake koya musu ne kafin a turo su. Hannuwanta dai ba na 'yar lebura ba ne, amma na lura takalmanta an yi musu faci sau da yawa.

Litinin, 20 ga Oktoba, bayan aji

Maza duk sun daina zuwa sai ni. Palmira ma ba ta zo ba. Ni na zo ne don wani ya kamata ya sa ido, kuma makullin a hannuna yake.

Yau an koyi manyan haruffa na farkon sunayen garuruwa. Na rubuta Urzedo ba kuskure.

Laraba, 22 ga Oktoba, da safe

An fasa gilashin tagar gidan Amândio. Ba wanda ya ga komai.

Juma'a, 24 ga Oktoba, da yamma

Kwana da kwanaki Malama tana hawa tudu tana tsinto ƙirare da busassun saiwoyi, tana saukowa da su a rungume. Abin da ta tara ba zai ɗumama ko bakin tanderu ba. Ta nemi aron amalanke a gidaje da dama. Wannan ya ce ƙafar amalankensa ta karye, wancan ya ce saniyarsa na da ciki. Ban taɓa jin shekarar da shanun Urzedo suka ɗauki ciki rana ɗaya irin bana ba.

Gidana ba ta zo ba. Na yi ta tunanin dalili. Ko ta san wanda ya yi tambayar nan a shago? In ta sani, wa ya gaya mata? In kuma ba ta sani ba, me ya sa ta tsallake ni?

Deolinda ba ta yi mini magana sai ta abinci. Yau da ta ajiye miyar kabeji ta ce, "Ci, mai doka." Na tambaye ta me take nufi. Ta ce, "Ai yabo ne."

Lahadi, 26 ga Oktoba, da tsakar rana

An yanke a shagon Tibério cewa ko da Malama ta hura, ba gidan da zai gasa a bayanta. Kowa ya haƙura da dankali da burodin toka har zagaye na gaba. An bi mutane ɗaya bayan ɗaya ana tambaya. Da aka zo kaina Tibério ya ce, "Kawu ba sai an tambaye shi ba, ai shi ya buɗe mana ido." Aka zuba mini giya. Na sha, don ƙin sha ma magana ne.

Deolinda, in kin kai wannan shafin, ajiye littafin inda kika same shi.

Litinin, 27 ga Oktoba, da yamma

Na sauko da itacen hunturu daga gonata ta kan tudu. Na bi ta hanyar gidan Amândio saboda ta ƙasa ta yi laka. A daidai ƙofar igiya ta tsinke, kayan ya zube. Tsohuwar igiya ce. Bayana ba ya son sunkuyo a wannan sanyin, saboda haka na kora shanuna gida. Zan koma in kwashe idan na sami sarari.

Talata, 28 ga Oktoba, da hantsi

Ban sami sarari ba.

Talata, da yamma

Tibério ya tare ni a bakin famfo.

"Kawu, an ce ka yi ɓari."

"Igiya ce."

"Ikon Allah. Igiyar ma ta iya karatu ke nan, ta san ƙofar da za ta tsinke. Hanyar ƙasa kuwa ni na bi ta jiya, ko takalmina bai jiƙe ba."

"Kai a ƙafa kake. Amalanke daban."

"Haka ne. To mu dai muna nan ranar Alhamis a bakin shago, muna shan iska. Hanyar tanderu ta gabanmu ta bi."

Na daɗe ina zargin Tibério yana son makullin nan. Mahaifinsa ma ya so shi a zamanin mahaifina. Yanzu ina tambayar kaina: yarinyar ake farauta, ko ita tarko ce kawai? Haka kuma ina tambaya ko ita da kanta ta san da haka. Ban cire kowa daga zargi ba.

Alhamis, 30 ga Oktoba, da yamma

Zan rubuta wannan a tsare, domin za a ba da shi a karkace.

Da gari ya waye na buɗe wa Malama gidan tanderu, kamar yadda nake buɗe wa kowane mai zagaye. Ta yi ta jigilar itace a kafaɗa. Ban taimaka ba, doka ba ta ce in taimaka ba. Na dai gaya mata ta fara da ƙirare a tsakiya, ta riƙa tura wutar gefe da gefe, don kada ta lalata kayan gari. Kafin hantsi hayaƙi ya rufe rabin Urzedo.

Na koma gida na tarar da babban akushi cike da kwaɓi, ya tashi har ya ɗaga mayafin da aka rufe shi da shi, an yi masa alamar gicciye.

Na tambayi Deolinda, "Wa ya ce ki kwaɓa?"

"Gari ya ce. Ya gaji da zama a buhu."

"An yanke magana a shago."

"To a je shagon a gasa. Ni dai na kwaɓa, Gervásio. In ba za a gasa ba, ka ci shi ɗanye, ko ka rubuta shi a littafinka."

Ta yanka shi curi curi ta jera a kan dogon katako. Kowa ya san ƙugun Deolinda ba ya ɗaukar kaya. Maƙwabciya ce ke ɗaukar mata, yau kuwa duk ƙofofin unguwa a rufe suke. Ta zauna ta harɗe hannu. Kwaɓi ba ya jiran shawara.

Ga dalilina, kuma shi kaɗai ne. Tanderun da aka hura da amalanken itace aka bar shi da burodin mutum ɗaya, zafin ba shi da inda za shi, dutse na iya tsagewa. Mahaifina ya faɗa mini haka. In ya tsage, wa za a tambaya? Mai makulli.

Na naɗa gammo na ɗora katakon a ka. Ban taɓa yi ba, ban kuma taɓa ganin namijin da ya yi ba. Ya fi yadda nake zato nauyi, kuma yana rawa.

Suna nan a bakin shago kamar yadda aka yi alkawari. Sai wani ya ce, "Sannu da aiki, Gwaggo Gervásio!"

"A miƙo mata ɗankwali, iska za ta ɓata mata kitso!"

"Taka a hankali, 'yammata, kada ki yi ɓari irin na igiya!"

Tibério bai yi dariya ba. Cewa ya yi, "Kawu, ka san abin da kake ɗauke da shi?"

Na ce, "Burodi." Ban iya juya kai na dube shi ba saboda katakon. Wannan ya taimaka.

Na tarar da Malama a bakin tanderu, fuska baƙi ƙirin, girarta ɗaya ta ƙone. Duwatsun baka sun yi fari, alamar zafi ya kai. Na watsa gari a ƙasan tanderun na ga yadda ya yi ja, na ce a share a zura. Nata ta fara zurawa, kamar yadda doka ta ce. Curi biyu ne, kuma ba su tashi ba, sun yi kama da duwatsun rafi. Sannan na zura namu, na yi addu'ar da ake yi, na rufe.

Muka zauna jira. Ta ce, "Kawu Gervásio, ban san yadda zan..."

"Ba don ke ba ne. Don dutsen ne."

"To na gode wa dutsen."

Tun da ba kowa, na ga dama ce. Na ce, "Malama, zan yi miki tambaya, ki dubi idona. Me ya sa kika tambayi adadin shanuna?"

Ta dube ni. Sannan ta ce, "Don Gwaggo ta koyi rubuta biyu."

Amsa ce mai kyau. Ta yi kyau da yawa. Wanda aka horar ma haka zai amsa.

Burodinmu ya fito lafiya. Ba wani gida da ya zo.

Juma'a, 31 ga Oktoba, da safe

Wuyana ba ya juyuwa. Deolinda ta shafa mini man zaitun ba tare da na roƙa ba. Ina zargin tana son wani abu.

Lahadi, 2 ga Nuwamba, bayan taron gari

Bayan an kai furanni maƙabarta aka busa ƙaho. Na miƙe na bayyana cewa gidan Amândio ya hura, ya gasa, an gasa a bayansa, saboda haka zagayensa ya cika, kuma gida ne cikin gidajen Urzedo, da haƙƙin ruwa da na gashi. Na tambaya ko akwai mai wata doka da ta saɓa wa wannan. Ba a samu ba. Ko Tibério ƙasa ya duba.

Daga nan aka shiga wani batu, wanda ban ga amfanin rubuta shi ba. An ɗaga hannuwa. Na ga hannun mutumin da na riƙe wa ɗa a wurin baftisma.

Litinin, 3 ga Nuwamba, da hantsi

Aljihun rigata na hagu, inda makulli ke zama, ya yi sauƙi. Hannuna sai kai kansa yake yi can.

Laraba, 5 ga Nuwamba, da yamma

Mun je aji, ni da Deolinda da gwauruwa Ermelinda da Malama, muka tarar da gidan tanderu a kulle. Tibério ya aiko cewa wurin na gashi ne, ba na surutu ba, kuma shi ba ya ba da izini. Yana da iko, makullin a hannunsa yake yanzu. Ni ma da izinina ake yi a da.

Malama ta tsaya rungume da allo a cikin yayyafi. Ta ce jami'in ba zamanta kaɗai zai duba ba, sai ya ga aji. Gidan Amândio kuwa iska ke shiga ta tagar nan, tsofaffi ba za su iya zama ba.

Deolinda ta dube ni. Ermelinda ta dube ni. Ban san tun yaushe suka shirya wannan kallon ba.

Na ce kicin ɗina yana saman garke, ɗumin shanu na hawowa, kuma ya fi sauƙi mutum ya sa ido a kan abin da ke ƙarƙashin rufinsa.

Juma'a, 7 ga Nuwamba, bayan aji

An jingine allo a jikin akwatin gishiri. Ni na zaɓi wurin zamana, inda nake ganin ƙofa da allo a lokaci guda.

An fara ke nan aka ƙwanƙwasa. Na buɗe. Palmira ce, matar Tibério, ta rufe kai da mayafi har hanci, da ɗan allonta a ɓoye a hammata.

"Kawu, gishiri na zo ara."

"Mijinki ke sayar da gishirin garin nan."

"To ya ƙare." Ta leƙa ta bayan kafaɗata. "Wane harafi aka kai?"

"Ya san kin zo?"

"Shi da makullinsa yake kwana yanzu. Ka matsa mini, sanyi nake ji."

Na tabbata turo ta aka yi ta ji abin da ake faɗa a gidana ta kai rahoto. Ba ni da shakka a kan wannan ko kaɗan. Na bar ta ta shiga, domin maƙiyin da kake gani ya fi wanda ke bayan taga. Na ba ta kujerar da ƙafarta ɗaya ke rawa, nesa da wuta.

An bar ta a baya ƙwarai. Malama ta ce in zauna kusa da ita in nuna mata abin da ya wuce ta, tunda ni ne na fi kowa. Na nuna mata. Tana riƙe alli kamar mai riƙe wuƙa, kuma sai an yi da gaske kafin ta gyaru. Na gaya mata ranar Litinin ta zo da wuri.